Jini da Asali a Ƙasar Yauri: Iyakar Abin da Gwajin Ƙwayoyin Halitta Zai Iya Faɗa

Tsakure

Maƙalar nan ta ɗauki gwajin ƙwayoyin halitta, wanda aka fi sani da DNA, ta auna shi da tarihin al'ummun Yauri, Ngaski, Shanga da gaɓar Tafkin Kainji. Hujjarta ita ce gwajin da kamfanoni ke sayar wa ɗaiɗaikun mutane yana gane dangi na kusa, yana kuma hango ƙaurar ɗan'adam ta dubban shekaru, amma ba zai iya ce wa mutum shi Bagunge ne ko Bakambare ko Bahaushe ba, domin a wannan yanki ba jini kaɗai ke yanke wannan hukunci ba.

Gabatarwa



Tun da wayar hannu ta shiga kowane aljihu, matasanmu suna cin karo da bidiyon baƙaƙen fatar Amurka suna buɗe ambulan, suna karanta sakamakon gwaji, wani ya fashe da kuka don an ce masa kakarsa ta fito daga Hausawa ko Fulani ko Yarabawa. Daga nan tambaya ta fara yawo a tsakanin ɗalibai: idan har yawun baki zai nuna wa mutumin Amurka ƙabilarsa bayan shekara ɗari uku, me zai hana mu yi amfani da shi mu raba gardamar asalin da ta daɗe a ƙasar Yauri? Su wane ne suka riga zama a tsibiran kogin Kwara? Shin Yaurawa daga Katsina suka zo, kamar yadda riwayar gidan sarauta ke nunawa, ko kuwa 'yan ƙasa ne da suka sauya harshe? Tambayoyi ne masu kyau. Sai dai kafin a miƙa su ga ɗakin gwaji, ya kamata mu san irin tambayar da ɗakin gwajin yake iya amsawa.

Yadda gwajin yake aiki

Abin da ake aiko wa mai son gwaji ɗan ƙaramin kwali ne. A ciki akwai 'yar kwalbar roba da mutum zai tofa yawu har ya kai wani layi, ko kuma tsinke mai auduga da zai goga a cikin kuncinsa. A rufe, a liƙa lamba, a mayar wa kamfani. Bayan makonni sakamako ya fito a intanet. Ba a ɗibar jini, kuma wannan ba shi ne gwajin AA da AS da SS da muka saba yi kafin aure saboda sikila ba. Wancan yakan duba nau'in sinadarin jan jini ne kawai.

A cikin kusan kowace ƙwayar jikin mutum akwai kuromosom 46, wato tagwaye 23, rabi daga uwa rabi daga uba. Rubutun da ke cikinsu ya kai harafi wajen biliyan 3, kuma an sanar da kammala karanta shi a 2003. Kowaɗanne mutum biyu a duniya sun yi tarayya a kusan kashi 99.9 cikin ɗari na wannan rubutu. A ɗan ragowar ne ake neman asali, ta hanya uku.

Ta farko ita ce kuromosom ɗin Y, wanda namiji kaɗai ke da shi, yana gadonsa daga ubansa, shi ma daga nasa uban, kusan ba tare da canji ba. Ta biyu ita ce mitokondiriya, ɗan gajeren rubutu mai harafi 16,569 da kowa ke gada daga uwa kaɗai. Da shi ne Rebecca Cann da Mark Stoneking da Allan Wilson suka nuna a 1987 cewa layin uwa na duk mutanen da ke raye yana komawa Afirka. Ta uku ita ce sauran tagwayen kuromosom 22, waɗanda ke cakuɗewa a kowace haihuwa. Daga gare su ake fitar da alƙaluman nan na "kashi kaza Nijeriya, kashi kaza Mali", da kuma jerin waɗanda ake zaton dangin mutum ne.

Akwai ɗan lissafi da ya kamata kowa ya riƙe. Iyaye 2 ne, kakanni 4, iyayen kakanni 8. In aka koma zuriya goma baya, gurbin kakanni ya zama 1,024. Gwajin Y yana bin mutum ɗaya daga cikinsu, na mitokondiriya yana bin mace ɗaya. Sauran 1,022 ba su cikin labarin. Shi kuwa gwaji na uku, duk da yana taɓa kowane ɓangare, rabon kowane kaka yana raguwa da rabi a kowace zuriya, har ta kai da yawa daga kakannin zuriya ta goma ba su bar wa jikansu komai da za a iya ganowa ba. Kakanninsa ne na haƙiƙa, amma jikinsa ba ya ɗauke da shaidarsu.

Ƙasar da ake son a gwada

Yanzu mu dawo gida. Ba na jin akwai wurare da yawa a Arewa da suka tara harsuna mabambanta a ƙaramin fili kamar wannan yanki. Gungawa, masu kiran kansu Reshe, da Kambari, da Dukkawa, da Lopawa, da Laru, duk harsunansu na cikin rukunin da masana harshe suka raɗa wa sunan Kainji, reshe ne na babban gidan Binuwai-Kwango. Harshen Shangawa kuwa ba danginsu ba ne ko kaɗan: na gidan Mande ne, ɗan'uwan Kyanga da Busa da Boko, danginsa na nesa suna can Mali da Gini. Hausa ta fito daga gidan Cadi. Ga Fulatanci, ga Nufanci da ya hauro ta kogi, ga Sarkawa masunta da suka gangaro daga ƙasar Kabi. Duk waɗannan suna cin kasuwa ɗaya a Yelwa da Wara, suna hawa kwalekwale ɗaya.

Kuma ba jiya aka fara ba. Haƙar da masu binciken kufai suka yi kusa da Yelwa gab da cikar tafki ta fito da tukwane da mutum-mutumin yumɓu da alamun aikin ƙarfe na ƙarnukan farko na miladiyya. Wato akwai mutane a wannan gaɓa tun kafin a san yawancin sunayen da muke gardama a kansu. Daga baya Yauri ta zama mashigar fataken goro tsakanin Kano da Gwanja. Farfesa Mahdi Adamu Ngaski ya yi bayanin wannan sosai, tun daga kundinsa na 1968 a Jami'ar Ahmadu Bello kan Yauri a ƙarni na 19 har zuwa littafinsa na 1978 kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma. Duk inda ayari ke yada zango, wani zai yi aure, wani zai yi rashin lafiya a bar shi, wani zai ga wuri ya yi masa ya zauna. Sai kuma hare-haren gidan Nagwamatse daga Kwantagora a ƙarshen ƙarni na 19, waɗanda suka tarwatsa garuruwan Kambari, suka kwashi wasu, suka kora wasu tsibirai da duwatsu. A cikin ƙarni na 19 ɗin ne kuma fadar Yauri da kanta ta bar Bin Yauri, daga ƙarshe ta zauna a Yelwa.

Abin da ya fi muhimmanci ga maganarmu shi ne wanda Frank Salamone ya rubuta a mujallar Africa a 1975, bayan zaman bincike a Yauri: yadda Gungawa ke zama Hausawa. Mutum ya musulunta, ya koma gari, ya riƙi Hausa a gida, ya sauya sutura da sana'a, 'ya'yansa su tashi ba su jin Tsureshe, jikokinsa su ce su Yaurawa ne, kuma kowa ya karɓe su a haka. Ba ƙarya suka yi ba. Haka ake zama Bahaushe a nan tun fil'azal. Shangawa ma mafi yawansu yau Hausa ce harshensu na farko, harshen kakanni ya rage a ƙauyuka kaɗan.

To, a ɗauki 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, a shekarun 1940. Ɗaya ya zauna a tsibiri yana noman albasa da kamun kifi, ɗaya ya koma Yelwa ya shiga makarantar allo. A yau jikokin na farko Gungawa ne, na biyu Hausawa. Kuromosom ɗin Y na jikokinsu maza ta wajen uba iri ɗaya ne. Wane suna ɗakin gwaji zai rubuta a kansa? Duk wanda ya rubuta, ya yi wa ɗaya gidan ƙarya. Wannan ita ce matsalar, kuma ingancin na'ura ba zai warware ta ba.

Da wa ake kwatanta mu?

Kamfanin gwaji ba ya karanta sunan ƙabila a cikin yawu. Kwatantawa yake yi da samfuran da ya riga ya tara, ya ce ka fi kama da waɗannan. Kamar mai awo ne da mudu: in babu mudun gero a rumfarsa, da na wake zai auna maka. Manyan rumbunan da duniya ta daɗe tana dogaro da su, irin su HapMap da shirin 1000 Genomes, samfuransu na Nijeriya daga Yarabawan Ibadan ne da Esan na jihar Edo. Sauran na Afirka kuwa Mende na Saliyo, da mutanen Gambiya, da Luhya da Masai na Kenya. Ba Reshe a cikinsu, ba Kambari, ba Shanga. Saboda haka ɗan Ngaski da ya biya dala ya aika yawunsa zai iya samun takarda mai cewa "Nijeriya" da ɗan "Benin da Togo" da ɗan "Mali". Abin da kakarsa za ta gaya masa kyauta ya fi wannan yawa.

Ko a inda aka tara samfura, sakamakon bai goyi bayan masu talla ba. Bert Ely da abokan aikinsa sun wallafa a 2006 cewa da suka kwatanta mitokondiriyar baƙaƙen Amurka da ta 'yan Afirka, ƙasa da kashi 10 cikin ɗari ne suka dace da ƙabila ɗaya tak. Fiye da rabi sun dace da ƙabilu da dama a lokaci guda. A 2010 Krishna Veeramah da abokansa sun gwada al'ummun yankin Kuros Riba, inda harsuna suka bambanta ƙwarai, suka tarar bambancin layin uba da na uwa a tsakaninsu ƙanƙani ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: mata suna aure suna ƙetare iyakar harshe, kuma waɗannan layuka sun girmi ƙabilun da shekaru dubbai. In haka ta kasance a Kuros Riba, ban ga abin da zai sa ta bambanta a gaɓar da kogi ya mai da ita hanya ba.

Akwai wata magana da ake yawan ɗauko wa Hausawa, kuma ya kamata a faɗe ta daidai. A 2010 Fulvio Cruciani da abokansa sun bayyana wani reshe na kuromosom ɗin Y mai suna R1b-V88, wanda ya yawaita a tsakanin masu harsunan Cadi, har ya haura kashi 90 cikin ɗari a wasu ƙananan al'ummun duwatsun arewacin Kamaru. Wani bincike na 2008 a kan Hausawan Sudan ya same shi da dangoginsa a wajen kashi 40 cikin ɗari, a samfurin da bai kai mutum hamsin ba. Nan da nan wasu suka ce ga shaidar Bayajida, wasu a Borgu za su ce ga shaidar Kisra. Amma shekarun wannan reshe a Afirka ana lissafa su da dubbai, tun zamanin da Sahara ke da tafkuna da ciyawa, tun kafin a gina Bagadaza. Kuma ɗimbin Hausawa ba su ɗauke da shi. Suna ɗauke da E-M2 ne, reshen da ya mamaye Afirka ta Yamma, wanda Bayarabe da Ibo da Banufe ke tarayya a kansa. Bahaushe mai E-M2 bai gaza mai V88 Hausanci da ƙwayar zarra ba.

Hatta jerin dangin da kamfani ke fitarwa yana buƙatar hattara a wurinmu. An gina lissafinsa a kan al'ummar da ba ta cika auren dangi ba. Mu kuwa auren zumunci ruwan dare ne, ɗan wa da 'yar ƙane, ɗan mace da 'yar namiji. Inda aka daɗe ana haka a ƙauye ɗaya, mutum biyu za su yi tarayya a kaso mai yawa ta hanyoyi da dama, na'ura ta ɗauka danginsu ya fi yadda yake kusa.

Abin da ruwa ya ci

Kada a fahimce ni da cewa ilimin ba shi da amfani a nan. Yana da shi, amma a matakin al'umma, ba a takardar mutum ɗaya ba. Binciken Sarah Tishkoff na 2009 a mujallar Science ya duba al'ummun Afirka 121 ya nuna cewa nahiyar ta fi ko'ina bambancin ƙwayoyin halitta, kuma yawancin al'ummunta cakuɗe ne na tushe da dama. A 2020 shirin H3Africa ya karanta cikakken rubutun mutum 426 daga ƙabilu 50 a ƙasashe 13, ya gano sababbin bambance-bambance sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Berom na Filato na cikin waɗanda aka gwada. Irin wannan aiki, idan aka yi shi da samfura masu yawa, yana iya ƙiyasta lokacin da al'ummu biyu suka fara auratayya. Tambaya irin ta Shanga ta dace da shi: shin harshen Mande ya iso gaɓar Kwara ne da jama'a masu yawa, ko kuwa 'yan tsiraru ne suka kawo shi 'yan ƙasa suka ɗauka? Haka ma ana iya duba ko layukan maza da na mata a tsakanin Sarkawa labari ɗaya suke bayarwa.

Sai dai duk wannan ya rataya ne a kan abu ɗaya: sanin inda kakannin wanda aka gwada suka fito. Ƙa'idar masu wannan bincike ita ce a tambayi mutum garin kakanninsa huɗu da harshensu. A nan ne madatsar Kainji ta shigo maganar. An fara gina ta a 1964, ruwa ya taru a 1968, tafkin ya rufe fili fiye da murabba'in kilomita 1,200. An tayar da mutum wajen 44,000. Tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, ta nutse. Tsibirin Foge da ɗimbin tsibiran Gungawa sun bi ta. An kwashe mutane zuwa sababbin ƙauyuka na bulo da siminti, wani wuri an haɗa unguwannin da a da ruwa ya raba su, an bar maƙabartu da kufai da wuraren tsafin gargajiya a ƙarƙashin ruwa. Wanda zai yi fatan tono ƙasusuwan da, kamar yadda aka samu na yara huɗu a Shum Laka ta Kamaru aka wallafa a 2020, ya sani zafi da laima suna lalata ƙwayoyin halitta, balle ƙasar da ta shekara hamsin da ɗoriya a cikin ruwa.

Abin da ya rage shi ne ƙwaƙwalwar waɗanda suka taso a tsibiran. Wanda yake da shekara 15 a 1968 yau ya haura 70. Su ne suka san wane gida ne ya fito daga wane tsibiri, wace zuriya ce ba ta auren wace, wane zanen fuska ne na su wane, wa ke wasan taubasantaka da wa. In suka tafi ba a rubuta ba, ko an kawo na'urar da ta fi kowace a duniya, za a samu sakamako ne da ba a san inda za a jingina shi ba.

Shari'a, amana da zaman lafiya

Akwai ɓangaren da masu sha'awar gwajin ba su cika tunawa ba. Gwajin da aka yi don neman kakan kaka yana iya fallasa abin da ya shafi uba. A shari'ar Musulunci ɗan da aka haifa cikin ingantaccen aure na mijin ne, kuma hanyar kore shi ita ce li'ani. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na 16 a Makka a 2002, ta yanke cewa ba ya halatta a yi amfani da wannan gwaji don kore nasabar da ta tabbata, ko a gabatar da shi a kan li'ani, ko a riƙa bincikar nasabar da babu jayayya a kanta. Ta yarda da shi a wuraren ruɗani, kamar musanyar jarirai a asibiti ko gane gawa. Duk mai shirin bincike a masarautar Yauri dole ya tsara aikinsa yadda irin wannan bayani ba zai taɓa fita ba.

Sannan ga maganar bauta, wadda har yau ake tono ta idan aure ya taso. Ga rigimar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo, wadda ke tashi a kan gona da mashigar kamun kifi da sarautar ƙauye, musamman a wuraren da aka sake tsugunar da mutane. Takardar gwaji mai ɗauke da tambarin kamfanin waje, ko da ba ta tabbatar da komai ba, tana iya zama makami a hannun mai neman fitina. A ganina kotu ko fada ko ƙaramar hukumar da ta karɓi irin wannan takarda a matsayin shaidar ƙabila ta yi kuskure a ilmance kafin a zo ga illarsa.

Ita ma amanar bayanan ba ƙaramar magana ba ce. A 2023 an yi wa kamfanin 23andMe kutse, bayanan mutum wajen miliyan 6.9 suka fita, kuma a Maris 2025 kamfanin ya shigar da takardar karyewa, aka shiga cinikin rumbunsa. Wanda ya ba da yawunsa ya ba da rabin sirrin 'ya'yansa da 'yan'uwansa, su kuwa ba a tambaye su ba. Ƙabilar Havasupai ta Amurka ta ba da jini don binciken ciwon suga, aka juya shi zuwa binciken asalinsu ba da izininsu ba. Sai a 2010 Jami'ar Jihar Arizona ta biya su diyya ta mayar musu da jininsu. Mutanen San na kudancin Afirka sun fitar da nasu ƙa'idojin bincike a 2017. Mu a Arewa ba ma buƙatar a tuna mana gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 da yadda ya ɓata amana tsakanin jama'a da masu farar riga. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan ƙwayoyin halitta cikin masu buƙatar kariya ta musamman, amma doka a Abuja ba ta isa ta kare mai sa hannu da babban yatsa a ƙauyen Shanga ba, sai an yi masa bayani da harshensa, kuma sai dattawan garinsa sun san inda samfurin zai kwana da wanda ke riƙe da makullinsa.

Ga ɗan'uwan da ke tunanin aika yawunsa waje, shawarata ita ce ya san abin da yake saye: zai iya samun dangin da ya ɓace masa a ƙetare in shi ma ya yi gwajin, zai ji sunan wani tsohon reshe na ɗan'adam, amma ba zai samu sunan tsibirin kakansa ba.

Roƙona ga sassan tarihi da na harsuna a jami'o'inmu na Birnin Kabi da Sakkwato, da kuma majalisar masarautar Yauri, shi ne a fara da aikin da ba ya buƙatar dala. A tura ɗalibai 'yan yankin, masu jin Tsureshe da Kambarci da Shanganci, su bi ƙauyukan da aka tsugunar, gida-gida, su naɗi muryar tsofaffi maza da mata, su rubuta salsalar kowane gida ta wajen uba da ta wajen uwa, da sunan tsohon mazauninsa. Ana iya ɗibar yawu ko bayan shekara ashirin. Waɗannan tsofaffi kuwa a bana ya kamata a same su.